An zaɓe ni in wakilci mutanenmu a taron ƙasa kan madatsun ruwa, me zan faɗa?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Za a yi taron masu ruwa da tsaki na ƙasa kan illar madatsun ruwa ga jama'a da muhalli, kuma mutanenmu sun ce ni zan je. Mu a ƙasan dam muke, ba a tashe mu ba. Amma tun da aka tare kogin, fadama ba ta shan ruwa kamar da, kifi ya ragu, idan kuma aka saki ruwa ba sanarwa sai ya kwashe gonaki. Minti biyar za a ba kowane wakili. Dattawa sun ce in nemi diyya kawai. Ku taimaka mini da shawara.

Tsohon ma'aikacin ruwa:
Wa alaikumus salam Malam. Kada ka fara da diyya. Kana ambaton kuɗi za a ce ai ba a tashe ku ba, magana ta mutu. Ka nemi jadawalin sakin ruwa a rubuce: wane wata, nawa za a saki, kwana nawa kafin nan za a sanar da ku, kuma ta bakin wa. Sannan ka nemi a riƙa sakin ruwa da gangan a lokacin da fadama ta saba sha. Injiniyoyi sun san ana yi. An yi a madatsar Manantali da ke Mali, an kuma buɗe wa fadamar Waza-Logone ta Kamaru ruwa a 1994 bayan dam ɗin Maga ya busar da ita. Idan kana son misalin da ba mai musu, ka ambaci dausayin Hadejia-Nguru bayan gina madatsun Tiga a 1974 da Challawa a 1992: ambaliyar damina ta ragu, ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa, manomi da masunci da makiyayi duk suka shiga uku.

Ma'aikaciyar lafiya:
Yaya, kar ka manta da tsargiya. Ruwan da ya kwanta shi ne gidan dodon koɗin da ke ɗauke da cutar. Bayan an gama madatsar Diama a Senegal a 1986 cutar ta ɓarke sosai a garin Richard-Toll. Ka je asibitin yankinku ka karɓo adadin yaran da ke fitsarin jini.

Wani ɗan uwa:
Da girmamawa Baba, ban yarda a jingine diyya ba. Aike aka yi masa, ba ra'ayinsa zai kai ba. Hukumar Duniya kan Madatsun Ruwa ta ce a rahotonta na 2000 mutum miliyan 40 zuwa 80 dam ya raba da muhallinsu, kuma na ƙasan kogi ba sa cikin wannan lissafi. Madatsar Akosombo ta Ghana kaɗai ta tashi kusan mutum 80,000, to na ƙasa wa ya ƙirga su? In bai faɗa ba, wa zai faɗa?

Tsohon ma'aikacin ruwa:
Ɗana, ban ce ya bari ba, jeri nake gyara masa. Ya sa ta a rubutacciyar takarda, da sunan gona, faɗinta, shekarar da ruwa ya ci, da sa hannun masu ita. Minti biyar ba ta ɗaukar wannan.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. To idan aka tashi taro shiru ya biyo baya fa?

Wata 'yar uwa:
Shi ne abin da aka saba, Malam. Kafin ka bar zauren ka karɓi kwafin sanarwar bayan taro, ka duba ko buƙatunku sun shiga. Ka nemi a sa wakilin mutanen ƙasan dam a kwamitin bibiya, a kuma tsayar da ranar zama na gaba. Ka tafi da mace ɗaya da makiyayi ɗaya ko da ba za su yi magana ba, don su ma su ba da labari in an koma gida.