Hannuwan da suka fi fuska girma: kuskure ne ko tunawa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Makon jiya na tsaya gaban zanen wata tsohuwa da aka yi da fentin akirilik, irin salon waɗanda ba su koyi zane a makaranta ba, kuma har yau ya ƙi fita daga raina. Tana zaune ta fuskanci mai kallo, babu fara'a babu ɓacin rai, bangon bayanta rawaya ne ba inuwa, amma hannuwanta da ke kan cinya sun fi fuskarta girma. Rashin ƙwarewa ne ko da gangan aka yi? Kuma ta yaya zan gane baƙin ciki ne a fuskar ko natsuwa?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. A wannan salon girman abu yakan bi matsayinsa a zuciyar mai zanen. Wanda ya zana kakarsa da ka, hannun da ya riƙe shi yana yaro yakan fi tsaya masa a rai fiye da kamannin fuska. Grandma Moses, wata mai irin wannan zanen a Amurka, wadda ta duƙufa ga zane tana da shekara kusan 78, yawancin abin da ta zana rayuwar karkara ce da take tunawa.

Amsa ta biyu: Malama, kada ki ɗora wa tsohuwar baƙin cikin da fenti ya jawo. Akirilik yana bushewa cikin 'yan mintuna, saɓanin fentin mai da ke kwanaki, saboda haka da wuya a saje launuka a kumatu su yi taushi, sai fuskar ta fito a daskare. Ki koma ki kalli zanen ta gefe, inda haske ke kwanciya a kansa. Wurin da fenti ya yi kauri, nan mai zanen ya yi ta gyara.

Amsa ta uku: Ina ganin a yi hattara da cewa komai da gangan ne. Henri Rousseau na Faransa, mai zanen da bai koyi zane a makaranta ba, wanda ya rasu a 1910, burinsa ya yi zane irin na ƙwararrun makaranta, hannunsa ne ya kai shi wani wuri daban.

Mai tambaya: Na koma jiya na duba ta gefe kamar yadda kuka ce. Hannuwan shafi ɗaya aka yi musu, amma bakin ya yi tudu, har ana hango alamar wani murmushi da aka rufe a ƙarƙashinsa.