Hitar ruwa na yoyo, inshora sun ce kar in taɓa ta

Assalamu alaikum. A Tumfure nake, nan Gombe. Hitar ruwan banɗakinmu mai lita 50 ta kama yoyo ta ƙasa, daidai inda wayar wuta ta shiga. Mai gyaran famfo ya zo ya sauya robar da ke toshe bakin, ya sa sabon bawul, ya naɗe mahaɗar bututun da farin tef. Kwana 2 kacal ta yi shiru, yoyon ya dawo, yanzu ma ruwan ja ne kamar na tsatsa. Ya ce tankin ne ya huje, ba gyara.

Na kashe mata wuta, na rufe ruwa, amma bangon ɗakin yara ya riga ya jiƙe, fenti na ta ɓarewa. Ga hunturu, kullum da asuba sai an ɗora tukunya kafin su yi wanka.

Gidan na da inshora saboda bashin banki. Na kira kamfanin, na tura hotuna, suka ce tsatsa ba ta cikin yarjejeniya, amma za a zo duba bangon, kar in cire komai. Yau kwana 12, ba wanda ya leƙo.

Don Allah, in na sauke hitar na ajiye ta gefe na sa sabuwa, zan rasa diyyar bangon?