Cigiyar kalma: me za mu kira homofobiya da Hausa?

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu Hausa a baki ku taimake ni da kalma guda, tun shekaranjiya take min yawo a kai. Ni nake juya labarai daga Turanci in karanta wa dattawanmu a wurin ataya bayan isha'i a nan Nima a Accra, wani lokaci in yi musu da murya in tura a WhatsApp, to duk sanda maganar ƙudurin dokar Ghana na hukunta 'yan luwaɗi ta taso sai na ci karo da kalmar homofobiya in tsaya ina kame-kame. Jaridun waje su ce 'yan siyasar Ghana suna da ita, su kuma 'yan siyasar su ce al'ada da addini suke karewa, ni a tsakiya na rasa yadda zan gaya wa tsoho abin da ake zarginsu da shi.

Da farko cewa na yi "tsoron 'yan luwaɗi", tunda fobiya asalinta tsoro ne a harshen Girka, kuma wanda ya yaɗa kalmar, George Weinberg, masanin halayyar ɗan Adam ne a Amurka, yana kallon abin kaman wata fargaba ce a zuciya. Ina faɗa sai wani baba ya ajiye kofinsa ya ce yaro, wanda ke tsoron abu ai gudu yake yi, waɗannan kuwa su suke bin mutane. Ban samu amsar ba shi ba. Dubi yadda aka yi a majalisar Ghana: a 2021 'yan majalisa takwas suka kai ƙudurin, bakwai 'yan jam'iyyar NDC ɗaya ɗan jam'iyyar NPP, Sam George na Ningo-Prampram a gaba, ran 28 ga Fabrairu 2024 majalisa ta amince, ɗaurin da zai kai shekara 3 ga wanda ya ce shi haka yake, da wanda zai kai 5 ga mai tallatawa ko ba da kuɗi. Alhali tun 1960 akwai sashe na 104 a dokar laifuka da ya riga ya hana abin. Ina tsoro a nan?

Wata yayata daga Mamobi ta rubuto: "Ƙanena ai ba sai ka wahala ba, ƙyama ce. Yadda gidajen rediyo suke cewa ƙyamar Musulunci, ko ƙin jinin baƙi in an far wa mutane a Afirka ta Kudu, kai ma ka ce ƙyamar 'yan luwaɗi a wuce wurin."

Yaya na gode, wlh kwana guda na yi ina ganin an gama. Sai wani malaminmu daga Aboabo a Kumasi ya kira ni, ya ce in ka karanta haka a gaban dattawa kowa zai ce to ai mu ma muna da ita, don duk wanda ya yi karatun allo ya san hukuncin aikin, kenan ka ɗauki mai imani da ke zaune a gidansa bai taɓa kowa ba ka haɗa shi buhu ɗaya da wanda ya tara samari suka fasa wa mutum kai. Ya ce kalmar da kowa zai amsa da alfahari ba ta zargi kowa ba. Allah ya ƙara wa malam lafiya, nan ya taɓo abin da ke damuna tun farko na kasa faɗa.

Don ni ban zo in canja wa kowa fatawa ba, ba ni da wannan ilimin. Abin da ya dame ni shi ne ba mu da sunan abin da ake yi wa mutanen. A 2015 a nan Nima gungun samari sun yi wa wani mutum dukan kawo wuƙa a kan zargi. A Fabrairu 2021 an rufe ofishin da wata ƙungiyarsu ta buɗe a Accra, a Mayu na shekarar aka kama mutum 21 a Ho suna taro. Ban da waɗanda ake kora daga ɗakin haya, da waɗanda ake yaudara ta waya a ƙwace musu kuɗi don an san ba za su iya zuwa wurin 'yan sanda ba. Kuma mu duka mun san yaro a unguwa da muryarsa ce kawai siririya ko tafiyarsa, aka laƙa masa suna tun yana makaranta, Kojo Besia ko ɗan daudu, ba wanda ya taɓa ganinsa da komai. Addinin da ake kafa hujja da shi ya hana bin diddigin asirin mutane, ya hana ƙazafi, bai ba ɗan unguwa sanda ba.

Shi ya sa na karkata ga tsangwama. Tsangwama aiki ce, akwai mai yi akwai wanda ake yi wa, ana gani da ido, ba sai an buɗe zuciyar kowa ba. Kuma mu 'yan zango ba sai an yi mana fassararta ba, kakanninmu sun ɗanɗana a 1969 lokacin firaminista Busia da aka ba baƙi marasa takarda sati biyu su bar ƙasa, har waɗanda aka haifa a nan suka riƙa ɓuya.

Na gwada ta a kan 'yan siyasa in ga ko za ta riƙe. Shugaban ƙasa Atta Mills a 2011 da ya ce wa David Cameron, firaministan Birtaniya na lokacin, ba za a saye mu da tallafi a kan wannan magana ba, wannan ja-in-ja ce tsakanin ƙasa da ƙasa. Mahama, ɗan takarar shugaban ƙasa na NDC a lokacin, ya ce imaninsa na Kirista bai yarda da auren jinsi ba, Bawumia ma, ɗan takarar NPP, a sallar idi a Kumasi a Afrilu 2024 ya ce a matsayinsa na Musulmi bai yarda ba, wannan bayyana matsayi ne, ko da yake kowa ya san zaɓen 7 ga Disamba ne ke tafe, jam'iyyun biyu kowa na tsoron a ce shi ne mai sassauci. Afenyo-Markin, ɗan majalisar NPP, ya tashi a majalisa ya ce a sa aikin al'umma maimakon kurkuku, bai samu goyon baya ba, in da ƙyama nake amfani da ita da ban iya raba shi da masu neman a tsananta ba. Amma wanda ya hau dandamali ya kira mutane da sunan dabbobi don a tafa masa, samari su ji su ɗauka an ba su izini, wannan tsangwama ce ko wace riga ya sa. Abin da ya fi ci min rai, da ma'aikatar kuɗi ta ce za a iya rasa dala biliyan 3.8 na Bankin Duniya in ƙudurin ya zama doka sai magana ta koma ta kuɗi, shugaban ƙasa na lokacin Akufo-Addo ya ce yana jiran kotu, kotun ƙoli ta kori ƙararrakin da aka kai a kan ƙudurin a Disamba 2024, ya sauka bai sa hannu ba, a duk wannan ba ka jin ana maganar wanda aka daka a lungu.

Saura rabi na biyun kalmar, wato sunan da za a kira su mutanen. Wani ƙanina daga Asawase ya tuna min luwaɗi na maza ne, mata maɗigo ake cewa, ɗan daudu kuma wani abu ne daban, sannan a bakinmu luwaɗi ta riga ta zama zagi, ba daɗi ka ce ana tsangwamar mutum kana zaginsa a numfashi ɗaya. Gaskiyarka ƙanina. "Masu neman jinsi ɗaya" ta ɗauki maza da mata kuma kunne ya saba da ita a labarai.

To ga inda na tsaya: tsangwamar masu neman jinsi ɗaya. In marubucin abin da ke zuciya yake nufi sai in ce ƙin jini, kaman yadda yaya ta kawo. Ta yi tsawo na sani, yau da dare zan karanta ta haka a wurin ataya in ji abin da baban nan zai ce, wanda ke da gajeruwa da ba ta zubar da ma'anar ba ya ajiye min a ƙasa kafin isha'i dan Allah.