Dan Allah wace kalma za mu sa wa "assurance du salut" da Hausa?

Salama 'yan'uwa. Ku taimaka min da wata kalma da ta ba ni kunya ran Lahadin da ta wuce. Ni nake juya wa'azi daga Faransanci zuwa Hausa a 'yar sujadar safe da muke yi nan Garwa ta Kamaru kafin a shiga babbar ta Fulatanci, yawancin masu zuwa 'yan kasuwa ne daga Mubi da Yola da wasu tsofaffi da suka tashi cikin Hausa. To baƙon mai wa'azi ya hau da zafinsa, ya ce assurance du salut, ya tsaya yana jirana, ni kuma bakina ya riga hankalina na ce "asuransin ceto". Sai wani mai moto can baya ya ɗaga murya ya ce, ita kuma wata nawa take yi kafin ta mutu? Majami'a ta kwashe da dariya har da matan zumunta. Kuma gaskiyarsa ne fa, mu nan asurans takarda ce da jandarma ke tambayarka a hanyar Pitowa haɗe da takardun moto, kuɗi kake biya, tana da ranar ƙarewa, in ka bari ta wuce ka shiga uku. Duk abin da mai wa'azin yake son ya ce, wato kyauta ce ba saye ba, kalmata ta juya shi a kife.

Yanzu an ba ni aikin juya 'yar takardar ajin baftisma kuma kalmar ta fito a kan babi guda. Abin da ke hannuna: tabbaci, yaƙini, sakankancewa, lamuni. Wanne?

Wani dattijo daga Gaundare:
Ɗana, ba abin wahala ba ne, tabbacin ceto ake cewa. Haka muka ji shi a bakin masu bishara da suka zo daga Najeriya tun muna samari. Ka buɗe 1 Yahaya 5:13, manzon ya ce ya rubuta musu ne domin su SANI suna da rai madawwami, bai ce domin su yi tsammani ba. Kada ka ƙirƙiro abin da an riga an haifa.

Wata 'yar'uwa daga Marwa:
Baba da girmamawa, tabbaci ya yi, amma ni kunnena yana jin kamar magana ce ta ofis, "an ba mu tabbacin za a gyara hanya", kun san irin tabbacin nan. Ni sakankancewa ta fi shiga raina don tana nuna abin da mutum ke ji a ciki.

Mai tambaya:
Yaya ai nan gizo ke saƙar. Na kwana ina juya abin, sai na ga Faransanci ne ya cusa abu biyu ko uku cikin buhu ɗaya, shi ya sa muke ta karo.

Wani malamin makarantar Littafi Mai Tsarki:
Daidai ka gani. Bari in ɗan tsawaita, ku yi haƙuri. A Girkancin Sabon Alkawari ba kalma ɗaya ba ce. Akwai wadda ake cewa filiroforiya, ta fito sau 4, a Kolosiyawa 2:2, 1 Tasalonikawa 1:5, Ibraniyawa 6:11 da 10:22, ma'anarta cikar amincewa, zuciya ta cika fal ba gurbin kokwanto. Wannan halin mutum ne daga ciki, nan 'yar'uwarmu ta Marwa take da gaskiya. Sai ta biyu, hufostasis, ita ce a Ibraniyawa 11:1, inda fassarar Faransanci ta Segond ta 1910 da yawancinmu muka haddace ta sa "ferme assurance". Asalin kalmar abin da yake ƙarƙashi ne yana riƙe da abu, kamar harsashin gini, har an same ta a tsofaffin takardun Masar ana nufin takardun shaidar mallakar dukiya. Wannan kuma ba ji a zuciya ba ne, abu ne da ke tsaye ko ka ji ko ba ka ji ba. Ta ukun ita na fi so, arrabon, sau 3 ta zo, 2 Korantiyawa 1:22 da 5:5 da Afisawa 1:14, inda Bulus ya kira Ruhu Mai Tsarki da ita. Kalmar kasuwa ce zalla. Kuɗin da mai saye ke fara ajiyewa don ciniki ya ƙullu, sauran na tafe.

Wani mai sayar da albasa:
Kai malam, kafin alƙalami kenan! Mu in muka je gona wajen Marwa muka ga albasa tun ba a cire ba, sai a yi ciniki, in zaro wani abu in damƙa wa manomi gaban shaidu. Daga ranar ko wani ya zo da kuɗin da ya fi nawa ba zai sayar masa ba, ni ma ba zan gudu in bar kuɗina ba. Kuma ba bashi ba ne ba jingina ba, don jingina ana mayar maka da kayanka in ka biya, shi kuwa kafin alƙalami yanki ne na kuɗin kansa. Ashe abin da Bulus yake faɗa kenan, shekara nawa ina jin ayar nan ban gane ba.

Wani ɗan'uwa daga Njamena:
Mu nan kasuwa da Larabci arbun muke cewa, kun ji kamar kalmar ce sak. Faransawa ma arrhes ɗinsu daga kalmar Girkancin nan ta samo tushe. Amma ina da magana kan yaƙini tunda ba wanda ya taɓa ta. Kalma ce mai nauyi kuma kowa ya san ta, sai dai in ka ce wa maƙwabcinka Musulmi "ina da yaƙinin shiga aljanna" zai dube ka sau biyu, don a tarbiyyarsa bawa yana zama ne tsakanin tsoro da sa rai, ba ya yanke wa kansa hukunci tun bai mutu ba. Zai ji kamar cika baki kake. Na taɓa yin wannan kuskuren da wani abokina a shagon ɗinki, muka yi awa guda ina ƙoƙarin nuna masa ba aikina nake yabo ba, alkawarin wani nake riƙe da shi. Da tabbaci na ce tun farko, tambayar da za ta biyo baya ita ce wa ya ba ka, kuma ita ce tambayar da nake so a yi min.

Mai tambaya:
Wannan ta shige ni ƙwarai Yaya. Tabbaci ana BA mutum, yaƙini mutum ke DA shi. Lamuni kuma na cire shi da kaina, don nan da nan hankali ke tafiya wajen bashi da wanda ya tsaya maka a banki, ko da yake in an zo Ibraniyawa 7:22 inda aka ce Yesu ne ya tsaya wa sabon alkawari, can lamuni zai zauna daram.

Wani katakis na Katolika:
Salama gare ku duka. Ina karantawa ina murmushi don kuna ta neman sunan abin da mu ba ma faɗinsa haka. Majalisar Tirento, babban taron shugabannin Katolika, a 1547 ta ce ba mai iya sani, da irin sanin bangaskiya da ba ya kuskure, cewa lalle ya sami alherin Allah. Ba wai muna shakkar jinƙan Allah ko aikin Almasihu ba ne, kanmu muke shakka, mutum yau yana tsaye gobe ya faɗi. Shi ya sa a bakinmu za ku fi jin bege. To in za ku rubuta tabbaci ku rubuta, amma sakankancewa ku yi hankali da ita, Bahaushe yana cewa "ya sakankance zai ci zaɓe" kuma kun san yadda irin labarin yake ƙarewa, mutum ya saki jiki ya miƙe ƙafa sai ga ƙasa.

Dattijon Gaundare:
Malam katakis ai an wuce wurin. Ran 31 ga Oktoba 1999 a Agusbag ta Jamus, Katolika da tarayyar Lutarawa ta duniya, wato mabiya koyarwar Martin Luta, sun sa hannu a takarda ɗaya kan barata, wato yadda Allah ke karɓar mai zunubi a matsayin mai adalci, kuma akwai sashe a ciki kan wannan magana tamu. Abin da aka daidaita shi ne mai bi in ya dubi kansa da rauninsa yana iya damuwa, in ya dubi alkawarin Almasihu kuwa ba shi da dalilin kokwanto. Mu nan arewacin Kamaru da Lutarawa suka yi yawa, tun zuwan 'yan mishan na Amurka da Nowe a shekarun 1920, abin da aka koya mana kenan, in shaidan ya tayar maka da zunubinka kada ka leƙa zuciyarka, ka tuna an yi maka baftisma, ka riƙe maganar da aka faɗa a kanka.

'Yar'uwar Marwa:
To amma Baba ji a zuciya fa ba ƙarya ba ne. Romawa 8:16 ta ce Ruhu da kansa yana shaida tare da ruhunmu cewa mu 'ya'yan Allah ne. Jon Wesli ma, wanda ya kafa Metodis, ai yana fasto shekara da shekaru, har Amurka ya je aikin bishara ya dawo ba kwanciyar rai, sai daren 24 ga Mayu 1738 a wani taro a Landan ana karanta gabatarwar Luta kan Romawa ya ji zuciyarsa ta ɗumama ya san an gafarta masa. Wannan wace kalma za ku ba shi in ba sakankancewa ba?

Malamin makaranta:
Ita za a ba shi, ba gardama. Sai dai kada a sa ta a kan babi. Dalilina tsohuwa ɗaya ce da nake kai wa ziyara, ta fi shekara hamsin cikin ikilisiya, tun da ciwo ya kwantar da ita kullum tambayarta ɗaya, anya Allah ya karɓe ni kuwa, ba na jin komai. In kan babin ya ce sakankancewar ceto, tsohuwar nan ta faɗi jarrabawa kenan. In ya ce tabbacin ceto, zan iya zama bakin tabarmarta in karanta mata Yahaya 10:28, ba mai ƙwace su daga hannuna, in ce Mama hannun ba naki ba ne, nasa ne. Masu bin koyarwar Kalbin ma, malamin tauhidin Furotesta, da suka rubuta shaidar bangaskiya ta Wesminista a 1646, babi na 18, sun yarda mai bi na gaske yana iya daɗewa yana fama kafin ya sami wannan cikar amincewa, tana iya raguwa ko ta girgiza, bai zama ya fita daga ceto ba.

Mai tambaya:
Na gode iyayena da yayyena, Allah ya saka. Ga yadda zan rubuta. Kan babi: Tabbacin ceto. A ciki inda ake maganar abin da mutum ke ji, kamar Ibraniyawa 10:22, zan sa sakankancewa ko cikakkiyar amincewa gwargwadon yadda jimlar ta ɗauka. Afisawa 1:14 kuwa zan bar ayar yadda take a Littafi, amma a bayanin ƙasa kafin alƙalami zai shiga da labarin albasa, mai albasa ka yafe min na sace. Yaƙini na ajiye shi gefe, ba don ba Hausa ba ne. Malam katakis gargaɗinka ma zai shiga, 1 Korantiyawa 10:12 na nan a ƙarshen shafi, sai dai ka jawo min sabon aiki, don takardar Faransancin ta kira wannan sakin jikin présomption kuma har yanzu ina tsakanin ganganci da ruɗin kai.

Mai moton nan kuma na gan shi jiya a bakin babbar kasuwa, tun daga nesa yake min ihu wai tafinta, ka sabunta asuransin naka ko ta mutu. Na ce ya zo ran Lahadi da wuri ya zauna gaba.