Ƙaiƙayi bayan morfin na allurar kashin baya: wace dabara ce ke hana shi?

Salamu alaikum, abokan aiki masu sa barci a ɗakin tiyata. Ina neman shawararku kan ƙaiƙayin da ke damun matan da aka yi wa tiyatar haihuwa bayan an haɗa morfin (maganin kashe zafi mai ƙarfi) maikrogiram 100 da bupivacaine (maganin sandarar da jiki) a allurar kashin baya.

Yakan fara ne awa 3 zuwa 7 bayan allurar, a hanci da fuska, ya sauka ƙirji, babu ko ƙurji. Tushensa a lakar kashin baya yake, inda morfin ke kama wuraren karɓarsa a jijiyoyi da ake kira "mu receptors", shi ya sa Piriton ba ya kashe shi, sai dai ya sa mace gyangyaɗi ta kasa shayar da jariri. Ondansetron (maganin hana amai) miligiram 8 kafin tiyata wani lokaci yana ragewa, wani lokaci babu bambanci. Naloxone (mai karya ƙarfin morfin) yana aiki, amma ƙarfinsa gajere ne, yana son famfon ɗigo, kuma in ya yi yawa zafin yanka ya dawo. Nalbuphine kuwa, maganin zafi da shi ma ke rage wannan ƙaiƙayin, wuyar samu gare shi.

To, pentazocine (maganin zafi ɗan'uwan nalbuphine) miligiram 15 ta jijiya fa, tunda shi ke hannu? A ba da shi bayan an ciro jariri, ko a jira ƙaiƙayin ya fara? Wa ya rage morfin zuwa maikrogiram 50, awa nawa ya riƙe zafi?