Hot ɗin kicin a Yamai: mai tiyo ko marar tiyo, kuma ta wane bango?

Uwargida, Lazare

Assalamu alaikum jama'a. Ana gab da yin shafe a kicin ɗinmu, ina son a sa hot, injin nan mai zuƙe hayaƙi da ake kafawa saman murhun gaz. Ɗakin mita 3 ne a kan 4, tsayinsa mita 3, taga ɗaya ce tana kallon gabas. Murhun mai kai huɗu ne, faɗinsa santimita 60. Suya ba ta yankewa a gidan: kifi, ƙosai, nama, ga tonka ga daddawa. A kanti an nuna mini iri biyu, mai tiyo da marar tiyo, aka ce marar tiyon ya fi sauƙin kafawa. Masu kafawa da masu gyara da masu girki ƙarƙashinsa kullum, don Allah ku faɗa mini abin da kuka gani.

Mai gyaran firij da kilima, Wadata

Wa alaikumus salam Hajiya. Marar tiyo ya fi sauƙin kafawa, wannan gaskiya ne, amma ki san aikin da yake yi. Yana jan iskar, ragar ƙarfe ta tare maiƙo, matacin gawayi ya rage wari, sannan ya maido miki da iskar cikin ɗakin. Zafin yana nan, tururin yana nan, abin da wutar gaz ta fitar yana nan. A Afrilu da Mayu, lokacin da Yamai ke haura digiri 40, ba ki rage komai ba sai ɗan ƙauri. An yi shi ne don masu zama a bene da ba a yarda su huda bango ba. Ke da gininki bai ma sha shafe ba, mai tiyo za ki ɗauka.

Matacin gawayin kuma galibi ba ya wankuwa. Sauya shi ake yi duk wata 3 zuwa 6, mai yawan suya ma ba ya kai haka, kuma kowane kamfani da girman nasa. Galibin waɗanda nake buɗewa matacin ranar farko ne a ciki, ya toshe ya yi danƙo, don mai gidan ya nemi irinsa a kasuwa ya rasa. Duk wanda dole ta sa zai sayi marar tiyo, ya sa mai kanti ya nuna masa matacin sauyi a hannu kafin ya biya.

Ga lissafin ƙarfi. 3 sau 4 sau 3, mita kubik 36 ke nan. Ana son iskar kicin ta sauya kamar sau 10 a awa ga girki na yau da kullum, wato mita kubik 360 a awa. Ga mai suya irin taki a yi sau 15, ya zama 540. Lambar da ke jikin kwali ta gudun ƙarshe ce, kuma tiyo da gwiwoyi za su ci wani abu daga cikinta, saboda haka ki nemi mai jan mita kubik 600 zuwa 650 a awa. Da shi za ki riƙa aiki a gudun tsakiya, ƙara ta yi sauƙi. Faɗi kuma kada ya gaza murhun. In bango ya ba da wuri, mai santimita 90 a kan murhu mai 60 ya fi kama hayaƙi, domin hayaƙi buɗewa yake yi yana hawa.

Magini, Tawa

Hajiya, kafin ki koma kanti ki tsaya da magininki a gaban bangon. Rami ake fara zaɓa, sannan inji. Mafi yawan aikin da ake kiran mu mu sake, an sayi inji mai tsada, aka zo kafawa aka tarar babu hanyar fita, sai aka ɗage tiyon aka cusa cikin plafon aka rufe. Maiƙo da tururi su taru tsakanin katako da kwano, plafon ya yi tabo ya saki, ga wayoyin kuran sun bi ta wurin. Bakin tiyo waje yake fita, ba cikin rufi ba, ba cikin lungun da ke rufe ba.

Ki duba bakin injin. In milimita 150 ne, tiyon ma ya zama 150 daga farko har ƙarshe, ramin bango kuwa 160 don a samu wurin cikewa. Masu kafawa na son rage shi zuwa 100 don su yi amfani da tiyon ruwan da ke hannunsu. Hanyar iska a tiyo mai 150 ta ninka ta mai 100 fiye da sau biyu. In aka matse ta sai ƙara ta ƙaru, ja ya ragu, a ce inji ne ba shi da kyau. Tiyon ƙarfe mai santsin ciki ya fi na alminiyom ɗin nan mai zobe-zobe da ake ja yana miƙewa. Shi wannan kowane zobe wurin kwanciyar maiƙo ne, kuma lotsawa yake yi a tsakiya. In babu makawa sai shi, a ja shi ya miƙe sosai, a yanke rarar. A karkata tiyon kaɗan zuwa waje, kamar santimita ɗaya a kowace mita, don ruwan tururi ya gangara can, kada ya dawo kan mota, wato abin da ke juya fankar injin.

Ɗaurawa: bulon siminti mai rami ba ya riƙe ƴan robobin kusa da ke zuwa cikin kwali. Tunda ba a yi shafe ba, a cike ramukan bulon da kankare daidai inda kusoshi za su shiga. A bangon laka, irin da muke da su da yawa nan Tawa, kusa ba ta zama ko kaɗan, sai dai a ratsa bangon da dogon noti a sa faranti ta baya, ko a yi masa ƙafafun ƙarfe daga ƙasa.

Mai kuran, Yantala

Na yarda da maganar maigida magini. Tsayi: tsakanin inda tukunya ke zama da ƙasan hot kada ya gaza santimita 65 a kan gaz, kuma kada ya wuce 75 sosai. In ya sauka ƙasa da haka zafin wuta yana narkar da roba, maiƙon raga ma na iya kamawa. In ya hau da yawa hayaƙi ya bi gefe ya wuce. Takardar injin in ta faɗi wata lamba mafi girma, ita za a bi.

A ja masa priz tasa tun yanzu, sama da mita 2 daga ƙasa, a inda murfin tiyo zai ɓoye ta amma hannu zai iya kaiwa. Da wayar ƙasa, don jikin injin ƙarfe ne kuma da jiƙaƙƙen hannu ake taɓa shi. Ba ya cin wuta, yawanci wat 100 zuwa 250 ne, sola mai matsakaicin ƙarfi tana ɗaukarsa.

Abin da ya fi mutuwa a nan shi ne allon masu taɓawa da yatsa, da masu rimot. Wuta ta ɗauke ta dawo da ƙarfi, ko a juya zuwa janareta, allon ya ƙone, motar lafiya lau amma ba hanyar tayar da ita, allon kuma sai an yi odarsa. Mai maɓallin dannawa guda uku ko huɗu bai kai su kyan gani ba, amma kowane mai gyara na iya taɓa shi. In wata rana kika ji motar tana gunaguni ba ta juyawa, galibi kondansater, wadda ke tayar da motar, ita ce zafi ya kashe, ƙaramin abu ne, kada a ce miki sai sabon inji.

Sai abu ɗaya da nake son kowa ya riƙe. In kika shiga kicin kika ji warin gaz, kada ki kunna hot don ya fitar da shi. Gaz ɗin butali ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, hot kuwa sama yake ja, kuma maɓallinsa na iya yin tartsatsi. A rufe kan butali, a buɗe ƙofa da taga, kada a taɓa kowane maɓalli. Shi ya sa ƴar kafar iska a ƙasan bango kusa da butali take da amfani, a sa mata raga saboda ɓera.

Mai walda, Katako

Ni a ganina ba kowane gida hot ɗin kanti ya dace da shi ba. Wanda ke ɗora tukunyar gidan yawa a kan babban risho na ƙasa, mai 60 ko 90 ba zai rufe ta ba. Muna lanƙwasa rumfa da inoks ko kwanon galba, ta zarce murhu da santimita 15 zuwa 20 kowane gefe, a yi mata ɗan kwararo a baki ta ciki inda mai zai taru ya gangara cikin gwangwani, a sa injin ja a bakin bango ko a waje. Inoks ya fi tsada amma yana goguwa, galba kuwa yana dushewa.

Mai gyaran firij da kilima, Wadata

Gaskiyarka ɗan'uwa, rumfar Katako tana aiki, amma ka ƙara musu da cewa kada a liƙa mata fankar bango mai fiffiken roba irin ta banɗaki. Ba ta iya tura iska cikin tiyo, maiƙo kuma kai tsaye yake shiga motarta. Mai kama da dodon koɗi ake so, mai fiffiken ƙarfe, kuma a sa matacin maiƙo gabanta.

Mai abinci, Bukoki

Sannunku da ƙoƙari. Ni ta wajen girki zan yi magana, ƴar'uwa.

Raga ita ce rabin aikin. Littafin injin yana cewa a wanke duk wata, amma mai soya kifi da man gujiya kullum ba ta kai wata, mako biyu ya isa. A ciro, a jiƙa cikin ruwan zafi da sabulun wanke kwanoni kamar rabin awa, a goge da buroshi mai laushi, a ɗauraye, a jingine ta bushe sarai kafin a mayar. Kada a sa kanwa ko ruwan toka ko soda, suna baƙanta alminiyom suna cinye shi. A hunturu ƙura tana haɗuwa da maiƙon ta zama kamar ƙaro, in aka bari ta kwana biyu sai buroshi ya gagara. A kanti ki ciro ragar da hannunki ki mayar. Wadda sai an nemo sukudireba kafin ta fita, ba za a riƙa wanke ta ba.

A kunna shi kafin a ɗora mai, don iska ta kama hanya, a bar shi minti 10 bayan an sauke. Suya a kan kawunan baya, can ya fi ja. Fankar sama a kashe ta ko a rage ta lokacin suya, don tana tarwatsa hayaƙin kafin ya kai raga, kuma nan ne mutane da yawa suke zargin injin a banza. Gwajinsa mai sauƙi ne: a kunna gudun tsakiya, murhu a kashe, a kai fallen takarda jikin raga. In ta manne ta tsaya, yana ja. In ta faɗo, ko raga ta toshe ko wani abu ya tare tiyo.

Ki sa a kunna miki shi a kanti ki ji ƙararsa. Wanda ba a jin magana kusa da shi, ƴan aiki da yara ba za su kunna ba.

Kuma kada a kawo murhun gawayi ko na itace ƙarƙashinsa ranar da gaz ya ƙare. Tartsatsi ɗaya ya isa ya kama maiƙon raga, sannan gawayi yana fitar da iskar nan marar wari mai kisa a rufaffen ɗaki, wuta in ta ɗauke kuma injin ya tsaya. Gawayi tsakar gida.

Uwargida, Lazare

Allah ya saka da alheri. Sauran tambaya ɗaya. Murhun yana jingine da bangon gabas, nan tiyo ba zai wuce mita ɗaya ba. In kuwa yamma za a fitar, sai ya yi kusan mita 5 da gwiwa biyu. An ce mini gabas ba ta da kyau saboda hadari. Wanne zan bi?

Magini, Tawa

Wanda ya faɗa miki bai yi ƙarya ba. Hadarin damina daga gabas yake tasowa da iska da ƙura, iskar hunturu ma daga arewa maso gabas take busowa, shi ya sa bangon gabas ya fi kowane shan wahala a ƙasar nan. Duk da haka gabas ɗin za ki bi. Mita 5 da gwiwa biyu za su cinye ƙarfin injin kowace rana ta Allah, ga wuyar sharewa, alhali matsalar gabas murfi ne ke maganinta. A sa hular ƙarfe a bakin waje mai kallon ƙasa, ta yadda ruwan da iska ta koro ba zai shiga ba. A bayanta a sa kilape, ɗan marfin da ke buɗewa in inji ya turo iska, ya rufe da kansa in ya tsaya. In babu shi za ki riƙa tarar da jar ƙura a kan murhu da safe, tsaka ta shiga, zanzaro ya yi gini a ciki. Wasu injinan suna zuwa da nasu a wuya, a duba kada mai kafawa ya cire ya jefar, kuma kada kusar da ya ɗaure tiyo da ita ta tokare shi. Raga a bakin waje mai manyan ido za a sa, ba ta sauro ba, don ta sauro maiƙo da ƙura suna like ta da wuri.

A nisanta bakin da tagarki, mita ɗaya in da hali, kuma ya kasance sama da ita, in ba haka ba abin da ya fita ta nan zai dawo ta can.

Mai gyaran firij da kilima, Wadata

Tagar nan ma tana da nata aikin, Hajiya. Iskar da hot ya fitar dole wata ta shigo ta maye gurbinta. In ƙofa da taga duk a rufe suke ruf, ja zai ragu, wani lokaci har warin magudanar ƙasa ya taso. In kuwa ƙofar kicin a buɗe take zuwa falo mai kilima, sanyin da kika biya kuɗin kuran a kansa shi zai kwashe ya watsa waje. Lokacin girki a rufe ƙofar falo, a ɗan buɗe tagar kamar faɗin tafin hannu, ta ɓangaren da ya fi nisa da murhu don kada iska ta kaɗa wutar. Ranar da ƙura ta yi yawa har ba a iya buɗe taga, kafar ƙasan bangon nan da mai kuran ya ambata, haɗe da tazarar santimita 2 a ƙasan ƙofa, za su ɗan taimaka, sai a tsaya a gudu na ɗaya ko na biyu.