Majeri da 'yar falle: sunayen da nake kawowa gaban ma'aikatan rediyo

1/
Assalamu alaikum 'yan uwa ma'aikatan gidajen rediyo, da malamanmu na harshe. Kalma biyu nake so mu daddale: sunan manhajar da ke sakin shirye-shiryen rediyo bi da bi, da sunan ƙaramar kwamfutar da take aiki a kanta. Kwanakin baya na zauna zan rubuta wa matasan wata ƙaramar tasha takardar yadda za su kula da na'urar da muka girka musu, sai layin farko ya tsayar da ni: abin da muka girka ɗin ba shi da suna a Hausa. Masu fasaha a Najeriya "otomeshin" suke cewa, 'yan uwanmu na Nijar kuma su ɗauko ta Faransanci. Mutumin Maraɗi da na Katsina aikinsu ɗaya, harshensu ɗaya, amma in suka zo kan wannan na'ura sai sun yi wa juna tafinta. Abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

2/
Sai an ga jariri ake raɗa suna. Manhajar da nake magana a kanta ita ce Rivendell. Kyauta ce, buɗaɗɗiya ce (kowa na iya duba tushenta ya gyara), a kan tsarin tafiyar da kwamfuta na Linux take aiki, kuma Fred Gleason ne ya faro ta a Amurka tun farkon shekarun 2000. Tana tara duk sautin tasha a taska guda, kowanne da lambarsa: waƙa, talla, sanarwar ɗaurin aure, taken tasha, karatun malam. Sai a ba ta tsarin awa, a ce mata minti biyar na farko labarai ne, talla biyu su biyo baya, sannan waƙa daga rukuni kaza. Mako yana da awa 168, kowace awa da tsarin da ka ɗora mata. Idan lokaci ya yi sai ta riƙa sakin abu bayan abu, wannan na ƙarewa wancan na shiga, shiru bai ratsa tsakani ba. LibreTime da sauran 'yan uwanta duk a kan wannan turba suke.

3/
Sunan da ya fi saurin zuwa baki shi ne "manhaja mai sarrafa kanta". Ban yarda da shi ba, kuma tsawonsa ne ƙaramin laifinsa. Babban laifin shi ne ba gaskiya yake faɗa ba. Wannan abu bai taɓa sarrafa kansa ba. Mutum ne ya naɗi sautin, ya yanke shirun da ke bakinsa da na wutsiyarsa, ya daidaita ƙararsa, ya sa alamar inda na gaba zai shigo, ya gina jadawalin gobe tun yau. Lokacin salla ma matsawa yake yi da kwanaki, in ba a gyara jadawali ba kiran magariba zai fita rana na sama. Idan mai tasha ya ji an ce na'ura tana sarrafa kanta, abin da zai fara zuwa masa shi ne rage ma'aikata. Bayan wata biyu tasha ta koma maimaita waƙoƙi ashirin da tallan da wa'adinsa ya wuce. Suna yana koyar da mutane yadda za su riƙi abu, shi ya sa nake tsoron wannan.

4/
Wani babban yayanmu a aikin nan, wanda ya fara tun zamanin faifai da kaset, ya ce mini a kira ta "muƙaddashi", tun da ita ke riƙe kujera in mai gabatarwa ya tashi. Na ji daɗin kalmar ƙwarai. Na ce masa, Yaya, inda gizo ke saƙar shi ne manhajar tana da hali uku. Akwai halin da take tafiya ita kaɗai cikin dare. Akwai wanda mai gabatarwa yana zaune yana magana, ita kuma ta riƙe abu na gaba tana jira ya danna. Akwai kuma wanda komai da hannu ake kunna shi. Muƙaddashi sai babu mai kujera yake aiki, wannan kuwa da rana tsaka tana gefen mai kujerar tana miƙa masa kaya. Sunan ya kama kashi ɗaya ya bar biyu.

5/
Wanda ya fi ba ni wahalar saki shi ne "madugu". Ku dubi yadda ya zauna: ayarin fatake ya tashi daga Kano zuwa Gwanja neman goro, madugu uban tafiya shi ke cewa a tashi, shi ke cewa a ya da zango. Ga shi kuma rediyo tun tuni ta ari kalmar zango, muna cewa gajeren zango da matsakaicin zango. Shirye-shiryen yini kamar ayari suke, wani na bin wani. Kwana biyu ina juya sunan a raina. Abin da ya raba ni da shi shi ne madugu mai shawara ne. Yana duban sama ya ce hadari ya haɗo a dakata, yana jin labarin 'yan fashi ya sauya hanya. Manhajar nan in gobara ta tashi a kasuwar garin, waƙar da aka jera mata za ta ci gaba da saki har sai mutum ya shigo ya karɓi makirfo. Madugun tasha shi ne shugaban sashen shirye-shirye, kada mu tuɓe masa rawani mu naɗa wa na'ura.

6/
Daga "saki" an so a ƙera "masaki", amma masaki babbar ƙwarya ce tun kaka da kakanni, kuma a rubutun waya da ba a sa ƙugiya za a rikita shi da masaƙi. "Makunni" ma yana da mai shi, abin kunna fitila ne.

7/
Abin da na tsaya a kai shi ne MAJERI.

Daga "jera" yake. Hausa tana da tsohuwar maƙera ta sunayen kayan aiki: a sa "ma" a gaba, "i" a baya. Buɗe ya ba mu mabuɗi, goge ya ba mu magogi, tsefe ya ba mu matsefi, auna ya ba mu ma'auni. To jera sai ya ba mu majeri, abin da ake jera shirye-shirye da shi. Jam'insa majerai, kamar mabuɗai.

Wani zai ce ai majeri yana iya zama mutumin da ke jerawa. Gaskiya ne, kuma harshen ya riga ya warware wannan da karin sauti. Ku furta ma'auni na sikeli, muryar a sama take tafiya daga farko har ƙarshe. Ku furta ma'auni mai auna hatsi a kasuwa, za ku ji ta faɗo a tsakiya ta sake hawa. Haka nan majeri na'ura a sama yake tafiya, majeri ma'aikaci kuma ya faɗo a tsakiya, jam'insa majera, kamar maɗinka. Kun ga da ƙira ɗaya mun sami sunan kayan aiki da sunan mai aikin, wanda shi ma har yau ba mu da abin kiransa. Sunan kuma bai yi alkawarin abin da na'ura ba za ta iya ba. Mabuɗi ba ya buɗe ƙofa sai da hannu, kowa ya san haka ba sai an faɗa ba.

8/
Wata ƙanwata mai karanta labarai ta ce da ta ji kalmar, jeren ɗakin amarya ne ya faɗo mata. Na ce mata ai ko kusa bai ɓata ba. Mai jere ta san wane kwano ke ƙasa, wane ke sama, babu wanda ake ajiyewa da ka. Sukar da ta fi nauyi ita ce ta biyu da ta kawo: jerawa ba ta ɗauke da ma'anar lokaci, alhali rabin aikin majeri kiyaye agogo ne. Na karɓa. Sai dai babu sunan da ke ɗauke duk kayan mai shi. "Manhaja" daga Larabci ta zo, tsarin karatun makaranta kawai muka sani da ita, yau ga shi yaro da tsoho suna sauke manhaja a waya. Amfani ne ya cika mata sauran ma'anar.

9/
Maganar agogo ta kawo ni kan kalma ta biyu. A kan Raspberry Pi 4 muka girka majerin. Kwamfuta ce sukutum a kan fanel guda mai faɗin katin cirar kuɗi: ƙwaƙwalwa, ramin memori, ramukan USB, ramin wayar intanet, duk a wuri ɗaya. A Kambirij ta Ingila aka ƙirƙiro ta don koya wa yara, ta fara fita kasuwa a Fabrairun 2012 a kan dala 35, samfuri na 4 kuma ya fito a 2019.

Me za mu kira irin wannan? "Kwamfutar tafin hannu" mutane za su ɗauka waya ce ko tablet. "Mai allo ɗaya" ba zai yiwu ba, don allo ya riga ya zama fuskar da ake kallo, ita kuwa wannan ko allon ba ta zuwa da shi. Ni na ɗauki "falle", kamar fallen takarda ko fallen zane, abu shimfiɗaɗɗe guda wanda ba a ruɓanya ba. A rubutu: kwamfuta mai falle ɗaya. A baki: 'yar falle. Matasan tashar da kansu suka gajarta shi haka tun ranar farko, ni kuma ban sake jin sun kira ta da wani suna ba.

10/
Dalilin da ya sa na damu da 'yar falle shi ne wuta. Pi 4 tana cin wajen wat 3 in tana zaune, wajen 6 ko 7 in aiki ya yi nauyi. Haɗa mata ma'ajin sauti da katin sauti, ka ƙiyasta wat 10. A awa 24 ya zama wat-awa 240. Kwamfutar tebur da allonta in ka ƙiyasta wat 100, 2,400 ke nan, ninki goma. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 abin da ke cikinsa a lissafi wat-awa 1,200 ne, kuma ba a son a zuƙe shi tas. Ga tashar da ke rayuwa a kan sola, wannan bambanci shi ne tsakanin kwana a kan iska da rufewa bayan isha'i. Nijar ta san wannan tun rediyon karkara na Bankilare a 1999, wanda da hasken rana ya fara aiki. Najeriya sai a 2015 aka amince da lasisin rediyon al'umma guda 17 na farko. Irin waɗannan tashoshi, da na makarantu, su ne masu buƙatar sunayen nan, domin masu kula da na'urorinsu 'yan sa kai ne na gari.

11/
Gwajin kalma shi ne a sa ta aiki. Ga yadda takardar tawa ta fito:

"Girka majeri a kan 'yar falle yana son haƙuri. Injinta ARM ne, ba irin na kwamfutar tebur ba, don haka ka nemi ƙunshin manhajar da aka haɗa domin ARM, in babu ka haɗa shi da kanka daga tushe. Kada ka ajiye taskar sauti a kan memori. Sautin da ba a matse ba yana cin sama da megabayit 600 a awa, memori mai gigabayit 32 da ƙyar zai ɗauki awa 50, kuma yawan rubutu da ɗaukewar wuta suna lalata shi. Sa ma'ajin SSD ta USB. Kada ka ɗauki sauti daga ramin iyafis na jikinta, sa katin sauti na USB. Ba ta caja mai bolt 5 da amfiya 3 cikakku, ka sa mata fanka ko ƙarfen shan zafi saboda bazara."

Na karanta musu, babu wanda ya tsayar da ni ya tambayi ma'anar majeri. A kan "girka" aka ɗan yi gardama, wasu sun fi son "ɗora". Ni ina ganin ana ɗora hoto a Facebook, amma abin da za a kafa ya zauna ya yi shekaru, kamar tukunya a kan murhu, girka shi ake yi.

12/
Sakin layi ɗaya na ja wa layi a ƙasa da jan biro. Pi 4 ba ta da agogo mai batirin kansa. Daga intanet take tambayar lokaci duk sanda ta tashi, in babu intanet sai ta ci gaba daga lokacin ƙarshe da ta adana. Mun ga haka da idonmu a gwaji, kafin a haɗa ta da na'urar watsawa: wuta ta yanke kusan awa uku, da ta dawo majeri ya ɗauko jadawalin hantsi alhali azahar ta yi. Jerin bai ɓaci ba ko kaɗan, komai na bin ɗan uwansa daidai, lokacin ne ya gurgunce. Ka ƙaddara tashar da ke sakin kiran salla, ko mai karɓo labaran BBC Hausa a kan minti, ko mai sanar da shan ruwa a watan azumi. Maganin ɗan ƙaramin agogo ne mai suna DS3231, da batir irin na agogon hannu, a soka shi a kan alluran 'yar falle. Pi 5 da ta fito a 2023 ta zo da agogonta, batir kawai za ka saya mata, sai dai an cire mata ramin iyafis gaba ɗaya kuma ta fi cin wuta.

13/
Malamai, ga su nan a gabanku: majeri da majerai ga na'ura, majeri da majera ga ma'aikata, kwamfuta mai falle ɗaya ko 'yar falle, sai girkawa. Roƙona ga 'yan uwa masu shirin kimiyya da fasaha a Kano, Kaduna, Sakkwato, Damagaram da Yamai, ku furta su a kan iska ko sau ɗaya, ku saurari yadda masu bugo waya za su maido muku da su. A tashar da na faɗa muku, an manna takarda a jikin akwatin na'urar, an rubuta: "Majeri. Kada a zare caja sai an kashe shi. A duba agogo kowace asuba."